Muhawara: Ya dace shafin musayar kayan wasa ya riƙa nuna farashin da yake ganin shi ne daidai?

Mai Kula da Zaure:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta fi mako biyu tana kai-kawo a raina, kuma na ga gara in shimfiɗa ta a gabanku kafin mu yanke hukunci. Kamar yadda wasunku suka sani, ni da abokaina biyu muna kula da wani ƙaramin shafi inda 'yan wasa suke baje kayan da suke son musayarwa ko sayarwa, galibi na cikin wasannin kwamfuta Team Fortress 2 da Counter-Strike, wato huluna da makullai da wuƙaƙe da bindigogi masu fenti. A yadda shafin yake yanzu, mutum yana ɗora kayansa, ya rubuta abin da yake nema, masu sha'awa su yi tayi a ƙasa, in an daidaita su je su ƙarasa ciniki a Steam, dandalin kamfanin Valve mai waɗannan wasanni. Mu ba mu rubuta ko lamba ɗaya ta kanmu.

Ɗaya daga cikin abokan nawa yana so mu sanya farashi a ƙarƙashin kowane kaya, da ƙananan baƙaƙe, a matsayin shawara kawai, domin a cewarsa ƙorafin da ya fi zuwa mana daga sababbin shiga ne waɗanda aka saye kayansu da araha saboda ba su san darajarsa ba. Ɗayan kuma ya ce ranar da aka sanya wannan lamba, ranar zai tsame hannunsa daga shafin, domin mun tashi daga masu ba da fili mun koma masu ƙayyade farashi, kuma duk wanda ya yi asara wuyanmu zai kama. Ni ne na uku, kuma kowannensu yana jiran ya ji inda zan karkata. Ina roƙon waɗanda suka daɗe a harkar, da waɗanda aka taɓa cuta, su faɗi abin da suka gani da idonsu.

Dillalin Huluna:

Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Ina tare da abokinka na biyu, kuma zan faɗi dalili. Na fara ciniki a Team Fortress 2 jim kaɗan bayan Valve ta buɗe musaya a watan Satumban 2010, lokacin da babu abin dogaro sai idonka da kunnenka. Daga baya aka sami jadawalin farashi da wasu suke tsarawa, sannan shafin farashi na backpack.tf ya zo da tsarin da kowa zai kawo shawarar farashi tare da hujjar cinikin da aka yi, jama'a su kaɗa ƙuri'a, masu kula su amince ko su ƙi. Tsari ne mai kyau a takarda, kuma ban raina ƙoƙarin masu shi ba. Sai dai abin da na gani shi ne, kalmar shawara takan faɗi a hanya, lambar ita kaɗai take isa kunnen mutane.

Na taɓa riƙe wata hula mai walƙiya wadda a duniya kaf ba a fi a ƙirga irinta da yatsu ba. Farashin da aka rubuta mata ya samo asali ne daga wani ciniki guda da aka yi fiye da shekara kafin ta shigo hannuna, kuma a tsakanin nan duk hulunan da ke kusa da ita sun tashi. Duk wanda ya zo sai ya liƙa mini wannan tsohuwar lamba, ya ce ina tsawwalawa. Wanda ya fi kirki ya taya daidai lambar, saura kuwa ƙasa da ita suke farawa, domin a wurin mai saye lambar ita ce rufi, ba ya yarda a haura ta. Wata biyar ina cewa albarka, har na gaji na sallama. Wanda ya saya ya kai ta wurin masu tara irin waɗannan huluna, waɗanda ba sa duba jadawali, ya sami riba mai kauri.

Akwai kuma abin da ba a cika son faɗa ba. Waɗanda suka fi zaƙewa wajen kawo shawarar farashi galibi su ne masu kayan a jaka, wato ma'ajiyar kayansu ta cikin wasa. Mai son sayarwa zai tattaro cinikin da suka yi tsada ya bar sauran, mai son saye ya yi akasin haka. Idan babban shafi mai ma'aikatan sa-kai da yawa yana fama da wannan, ina ga ku uku?

Sabon Shiga:

Yaya, na karanta bayaninka sau biyu, kuma na fahimci ciwon da ka ji. Amma ka ba ni dama in faɗi nawa, domin kai wata biyar ka yi kana da zaɓi, ni kuwa minti goma aka yi aka gama da ni.

A watana na biyu da fara wasa na sayi makulli ɗaya, dala 2.49 kamar yadda yake a kantin wasan, na buɗe akwati, sai ga hula da harshen wuta yana ci a samanta. Ban san cewa irin wannan ba kasafai take fitowa ba. Kafin in gama kallonta wani ya turo mini neman abota, ya taya ni murna, ya ce yana tara huluna ne don sha'awa. Ya buɗe tagar musaya ya cika ɓangarensa maƙil, bindigogi da huluna marasa walƙiya da fenti, har sai na riƙa ja ƙasa kafin in ga ƙarshensu. Nawa ɓangaren kuwa abu ɗaya ne tilo. Ido ya ga yawa, zuciya ta ce ai ni na ci riba. Ya riƙa rubuto mini cewa in yi sauri zai sauka. Na danna amincewa. Washegari wani abokin wasa ya tambaye ni ina hular, na nuna masa abin da na karɓa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce duk tarkacen nan bai kai kashi ɗaya cikin goma na darajarta ba. Mutumin kuwa tuni ya cire ni daga jerin abokansa.

Dillalin Huluna:

Ƙanena, Allah ya mayar maka da alheri, abin da aka yi maka zalunci ne kuma babu dillalin kirki da zai kare shi. Amma ka lura, a tagar Steam aka cuce ka, ba a shafin musaya ba. Da an rubuta farashi a shafin ma, kai ba ka can.

Sabon Shiga:

Ina can, yaya. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Yayin da yake matsa mini, na buɗe wani shafin musaya a waya na rubuta sunan hular. Na ga mutum biyu suna da mai kama da ita, kowanne ya rubuta a yi masa tayi, babu lamba ko ɗaya. Ban san akwai wani shafi dabam na farashi ba, domin wanda bai san hanya ba bai san ma abin da zai tambaya ba. Da na ga ko da kimantawa ce, da hannuna ya tsaya.

Tsohon Hannu:

Malamai, ku bari in kawo misali daga wani wasan, domin an taɓa gwada wannan abu har iyakarsa kuma mun ga abin da ya haifar. A watan Nuwamban 2007 kamfanin Jagex na Ingila ya buɗe babbar kasuwar RuneScape, wadda ake kira Grand Exchange, kowane kaya da farashinsa na jagora, kuma ba a yarda ka saya ko ka sayar da abin da ya haura ko ya gaza wannan farashi da fiye da kashi 5 cikin ɗari ba. A farkon 2008 aka ƙara da takaita musaya tsakanin mutum biyu, ta yadda bambancin darajar abin da kowa ya ajiye ba zai wuce tsabar zinare 3,000 a cikin minti 15 ba. Manufarsu ita ce su toshe masu sayar da zinaren wasa da kuɗin gaske, kuma ta wannan fuska sun sami wani abu.

Amma me ya faru da kayan da ba su da yawa, irin hulunan bikin da aka raba a 2001? Farashinsu na jagora ya tsaya a baya, na gaskiya ya yi gaba, sai suka ɓace daga kasuwa, domin babu mai hankalin da zai sallama a farashin da aka rubuta. Mutane suka ƙirƙiro dabara: mai sayarwa zai haɗa hular da tarin kayan banza waɗanda farashinsu na jagora ya fi darajarsu ta gaske, domin ma'aunin ya daidaita a idon na'ura. Ni da kaina na cika ma'ajiyata da irin wannan shara don kawai in iya ciniki. Ga kuma ƙungiyoyin da suke haɗa baki su saye wani kaya kaf, lambar ta riƙa hawa kullum, manyan su zubar da nasu, ƙananan mabiya su kwana da asara. Sai a watan Fabrairun 2011, bayan an kaɗa ƙuri'a, aka dawo da ciniki sake.

Haka kamfanin EA ya yi a wasan ƙwallo na FIFA Ultimate Team a watan Maris na 2015, ya sanya wa farashin kowane katin ɗan wasa iyakar ƙasa da ta sama. Duk katin da aka yi wa rufi ƙasa da darajarsa sai ya ƙare a kasuwa, ka nema ka rasa.

Sai dai zan yi adalci. A waɗannan misalai biyu an tilasta ne. Bayan 2011 farashin jagora na RuneScape bai tafi ko'ina ba, yana nan har yau, kana gani kana kuma iya saɓa masa, kuma ban ji wanda ya ce a cire shi ba. Don haka abin da nake tsoro shi ne shinge, allon nuna hanya bai dame ni ba.

Malamar Lissafi:

Na gode, Malam, amma ina jin tazarar da ke tsakanin shinge da allon ba ta kai yadda muke zato ba, kuma a nan Malam Dillali yana da gaskiya. A 1974 Amos Tversky da Daniel Kahneman suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun juya wata ƙafar sa'a a gaban mutane, wadda aka shirya ta tsaya ko dai a kan 10 ko a kan 65, sannan suka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 amsarsu ta tsakiya ta faɗo a 25, waɗanda suka ga 65 tasu ta faɗo a 45. Lamba ce da kowa ya ga ba ta da alaƙa da tambayar, duk da haka ta ja tunaninsu kamar turke. To ina ga lambar da shafi ya rubuta da sunansa a ƙarƙashin kaya? Rubuta “shawara ce kawai” a gefenta ba zai kwance wannan igiya ba.

Amma daga wannan gwajin ne kuma nake saɓa wa Malam Dillali. Idan shafi ya yi shiru, ba wai an rasa turke ba ne, wani ne zai kafa shi. A labarin ƙaninmu Sabon Shiga, wanda ya kafa turken shi ne macucin, da tagar da ya cika da tarkace. Shirun shafi yana amfanar wanda ya riga ya sani, domin shi yana da farashin a kansa. Saboda haka ni a wurina tambayar ba ta tsaya ga a nuna ko kada a nuna ba. Mene ne za a nuna?

Ku kwatanta waɗannan rubutu biyu a ƙarƙashin hula ɗaya, tunda da makulli ake ƙirga farashi a Team Fortress 2. Na farko: “Farashi, makulli 20.” Na biyu: “An sayar da irinta sau 4 a cikin kwana 30, tsakanin makulli 17 da 22, na ƙarshe kwana 6 da suka wuce.” Na farko hukunci ne, yana rufe bakin mai saye da mai sayarwa, kuma idan ya tsufa babu mai ganewa. Na biyu labari ne, yana faɗin abin da ya faru, ya nuna faɗin tazarar, ya tona ƙarfin hujjarsa ko rauninta. Da hular Malam Dillali an rubuta mata “ciniki ɗaya, wata 14 da suka wuce”, da shi ne zai riƙa nuna wa masu tayi rubutun, ba su ba.

Ɗalibin Ilmi:

Malama ta tuna mini da abin da muka karanta a babin ciniki, kuma zan taƙaita. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a tari ayarin fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa su san farashi, ya kuma hana najashi, wato mutum ya ƙara tayi ba don yana son saye ba sai don ya ruɗi wani. Haka kuma lokacin da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙe shi ya ƙayyade farashi, bai yi ba. Idan aka haɗa ukun, za a ga ana son mai kaya ya san kasuwa, ana ƙin a yi wasa da lamba, ba a kuma gaggawar ɗaure farashi. Abin da aka yi wa Sabon Shiga tarar ayari ne tsantsa.

Mahaifiyar Ɗan Wasa:

Ni ba 'yar wasa ba ce, ɗana ne yake yin Roblox, kuma saboda shi na shigo wannan zaure. Ina so Malama ta san cewa tarihin ciniki ma ana yi masa algus. A Roblox kayan da ba su da yawa suna ɗauke da wata lamba da ake kira RAP, wato matsakaicin farashin da aka sayar da su kwanan nan. Yarona ya ba da kaya uku da ya daɗe yana tarawa, ya karɓi guda ɗaya saboda lambarsa ta fi tasu a haɗe. Bayan 'yan kwanaki lambar ta zube. Da muka zauna muka duba zanen tarihin kayan, sai muka ga layin yana kwance wata da watanni, sannan ya yi tsalle sau ɗaya kamar an soka mashi, ya fara gangarowa. Wani ne ya saye shi da tsada da gangan don ya kumbura lambar. Yaron ya yi kuka a daren nan, kuma abin da ya riƙa maimaitawa shi ne ai shafin ne ya rubuta. Yara ba sa raba lamba da gaskiya. Duk wanda zai rubuta lamba a inda yara suke ciniki, ya san amana ya ɗauka.

Mai Rubuta Manhaja:

Hajiya, Allah ya huci zuciyar yaron. Abin da kika kawo shi ne ainihin wahalar aikin, kuma ina so Mai Kula da Zaure ya san girmanta kafin ya amsa wa abokinsa.

Matsalar kumbura lamba tana da magani, ko da bai cika ba. A ɗauki ciniki biyar: 10, 10, 11, 11, sai wani na bogi a 100. Idan aka tara aka raba biyar za a sami 28.4, lambar da babu wanda ya taɓa saye a kanta. Idan kuwa aka jera su aka ɗauki na tsakiya za a sami 11. Shi ya sa zanen kasuwar Steam, wadda aka buɗe a Disamban 2012, yake nuna farashin tsakiyar jeri tare da yawan abin da aka sayar. Mai son ya karkatar da irin wannan lamba sai ya yi cinikin bogi da yawa, kuma kowanne yana biyan la'ada, wadda a waɗannan wasanni ta kai kashi 15 cikin ɗari.

Amma kada a ce za a kwafo farashin Steam a liƙa. Kuɗin da ka samu a can yana zama a jakar Steam, ba a fitar da shi zuwa banki, saboda haka dalar da ke ciki ba ta kai dalar hannu daraja ba, kuma farashin can yakan ɗara na wuraren da ake biya da tsabar kuɗi. Kada kuma a lissafa daga abin da masu sayarwa suka rubuta suna nema. 'Yan wasan Path of Exile sun san wannan ciwo: mutum zai baje kaya da araha ba da niyyar sayarwa ba, duk wanda ya yi masa magana ya yi banza da shi, don sabon shiga ya duba ya ɗauka farashin ke nan, ya sanya nasa a haka, shi kuma ya wawure.

Babbar matsalarku ita ce ku ba ku ganin ƙarshen ciniki. A shafinku ake haɗuwa, a Steam ake ƙarasawa, kuma yawanci musaya ce ta kaya da kaya. Idan aka ba da hula aka karɓi hula biyu da makulli uku, nawa aka sayar da ita? Sai ka san darajar waɗancan biyun, su ma kuma daga wata musayar aka samo tasu. Ma'aunin kansa ma yana motsi. A 2012 makulli yana wajen tataccen ƙarfe 2.33, ƙarfen da ke matsayin ƙananan kuɗi a Team Fortress 2, daga baya ya haura 50, domin ƙarfe kullum ƙaruwa yake daga makaman da wasan ke rabawa kyauta, makami 18 su ba da tataccen ƙarfe ɗaya, makulli kuwa sai an saya da kuɗi. Sannan ga manhajojin bot da suke saye da sayarwa da kansu dare da rana, suna karanta farashi daga shafuka. Idan suka karanta taku lambar suka yi ciniki a kanta, ku kuma kuka lissafa daga cinikinsu, lambar ta koma tana shaidar kanta da kanta.

Mai Tara Wuƙaƙe:

Zan ƙara da ɓangaren Counter-Strike, domin a can suna ɗaya ba ya nufin kaya ɗaya. Tun da aka kawo fentin makamai a watan Agustan 2013, kowane makami yana da lambar da ke nuna yadda fentinsa ya kankare, daga 0 zuwa 1, an kasa ta gida biyar, gidan farko daga 0 zuwa 0.07. Bindiga biyu a gida ɗaya za su iya bambanta a farashi sosai idan ɗaya tana dab da sifili. Akwai kuma lambar zane, kusan iri dubu. AK-47 mai fentin Case Hardened da ta faɗo a zane na 661, wadda samanta yake shuɗi kusan duka, ba a haɗa ta da 'yan'uwanta ko kusa. Haka wadda aka manna wa tambarin gasar Katowice ta 2014. Idan shafi ya duba suna kawai ya rubuta farashin gama-gari a ƙarƙashin irin wannan bindiga, ya miƙa wa macuci takardar shaida. Zai ce wa mai ita, duba, ga abin da shafi ya ce, ni ma na ƙara maka kaɗan. Wanda aka so a kare shi ne za a yanka da wuƙar.

Kuma kasuwar nan dare ɗaya take juyawa, domin kamfani ɗaya ke riƙe da famfon. A Yulin 2019 wani kuskure a Team Fortress 2 ya sa wasu akwatuna suka riƙa fitar da hula mai walƙiya a kowace buɗewa. A Oktoban 2025 Valve ta ba da damar a haɗa jajayen kaya biyar, wato makaman Counter-Strike masu wuyar samu da ake yi wa alamar ja, a karɓi wuƙa ko safar hannu, farashin wuƙaƙe ya rikito, na jajayen ya yi sama, duk a cikin sa'o'i. A irin wannan rana tarihin kwana 30 ƙarya yake faɗa ba da niyya ba. Dole a sami wanda zai iya kashe lambobin nan take ya rubuta cewa kasuwa ta rikice.

Dillalin Huluna:

Na saurari Malama da kyau, kuma na yarda cewa rubutu na biyu da ta kawo ba shi ne abin da ya cuce ni ba. Idan za a nuna adadin ciniki da kwanan wata da tazara, ba zan yi faɗa da shi ba a kan kayan da ake sayarwa kullum, irin makullai da huluna gama-gari. A kan kayan da ba su da yawa kuwa ina nan a kan bakana. Kuma ina da sharaɗi biyu. Na farko, duk wanda ke da hannu a lissafin lambar ya bayyana jakarsa a fili, ko ya daina ciniki a shafin, domin ba a zama alƙali a kuma zama mai ƙara. Na biyu, a bar mai kaya ya iya ɓoye lambar a kan tallarsa idan ya ga ba ta dace da nasa kayan ba.

Malamar Lissafi:

Sharaɗin farko na karɓa hannu biyu, Malam. Na biyu ne ban yarda da shi ba. Wa zai fara danna maɓallin ɓoyewa? Mai neman ya sayar da tsada ga wanda bai sani ba, da mai tallar saye da ke farautar irin su Sabon Shiga. Gara a bar lambar, a ba mai kaya fili kusa da ita ya rubuta dalilin da ya sa nasa ya fi, ko zane ne ko ƙarancin kankarewa, mai saye ya karanta duka biyu. Game da kayan da ba su da yawa kuma, ba sai an zaɓi tsakanin lamba da shiru ba. Ana iya rubuta: “Irin wannan kaya ba kasafai ake samunsa ba, cinikinsa bai isa a kimanta ba, kada ka sallama kafin ka ji tayin mutane da yawa.” Babu farashi a ciki, amma da ya isa ya tsayar da hannun ƙaninmu a wancan dare.

Dillalin Huluna:

Wannan gargaɗi na yarda da shi. Maganar ɓoyewa kuwa ban janye ba, domin na san yadda mai saye yake, idonsa a kan lamba yake sauka, bayanin da ke gefe sai wanda Allah ya nufa yake karantawa.

Mai Kula da Zaure:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na tura wa abokaina biyu wannan tattaunawa suna karantawa. Abin da zan kai musu shi ne mu fara da makullai da ƙarfe da huluna gama-gari na tsawon wata uku, a nuna tazara da adadi da kwanan wata, kada a nuna komai idan cinikin da aka tabbatar bai kai goma ba a wata, sauran kaya kuma a sanya musu gargaɗin da Malama ta rubuta. Mu ukun za mu buɗe jakunkunanmu ga kowa. Maganar maɓallin ɓoyewa ban yanke ba tukuna. Abin da ya rage mini shi ne tambayar da Mai Rubuta Manhaja ya tayar: ta yaya za mu tabbatar cewa ciniki ya auku, kuma a kan nawa?

Mai Rubuta Manhaja:

Ranka ya daɗe, hanyar da na ga za ta yiwu ita ce bayan an rufe talla a tambayi ɓangarorin biyu, kowa shi kaɗai, abin da aka bayar da abin da aka karɓa, sannan manhaja ta duba jakunkunansu ta ga ko kayan sun sauya hannu da gaske. A ƙirga cinikin da aka biya da makulli ko ƙarfe zalla kawai, a bar na kaya da kaya. Idan asusu biyu suna ta ciniki da juna, a ƙirga musu sau ɗaya a wata. Sabon asusu kuma kada a ƙirga nasa sai ya kwana biyu a shafin. Zai rage yawan hujjar da za ku samu, kuma a makonnin farko kaya da yawa za su zauna babu lamba. Zan iya taimakawa da rubuta wannan ɓangare a ƙarshen mako.

Sabon Shiga:

Ina da roƙo ɗaya idan za a yi. A waya na duba a wancan dare, ina rawar hannu, mutum yana ta turo mini saƙo. Ku sanya gargaɗin a sama, dab da hoton kayan, da baƙaƙen da za a iya karantawa ba tare da an ja shafin ƙasa ba, kuma ya fito ko ga wanda bai yi rajista ba, domin ni a ranar ba ni da asusu a shafin.